Daga Ankara Zuwa Ankara: 'Ya'yan Zango da Darasin Turkanci



A zamanin kakanninmu, idan dattijo a Maraɗi ko Sakkwato ya ce ɗansa yana Ankara, ba mai neman ƙarin bayani. Kowa ya san Akra ake nufi, babban birnin ƙasar Gana, domin da wannan suna fatake da 'yan ci-rani suka san garin da mutanen Asante ke kira Nkran, kuma har gobe akwai tsofaffin da bakinsu bai saba da wani sunan ba. Yau kuwa sai an tsaya an tambaya: wace Ankarar? Dalili shi ne a unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango an fara samun gidajen da ke da ɗa ko 'ya a ɗaya Ankarar, babban birnin Turkiyya, ko a Istanbul, wadda magabata ke kira Santambul, ko a Konya da Bursa, wasu suna karatu, wasu suna saro kaya.

Wannan zumunci bai tsufa ba. A shekarar 2010 ne Turkiyya ta sake buɗe ofishin jakadancinta a Akra, bayan ya yi kusan shekara talatin a rufe, a shekarar ne kuma jiragen Turkish Airlines suka fara sauka a birnin. Shugaba Abdullah Gül ya kawo ziyara a 2011, Shugaba Recep Tayyip Erdoğan ya biyo baya a 2016. Amma abin da ya fi shiga idon talakan zango shi ne Masallacin Ƙasa da ke Kanda, maƙwabciyar Nima, wanda aka gina da taimakon gidauniyar Hüdayi ta Istanbul bisa fasalin masallacin Sultan Ahmet, da ƙubbobi da hasumiya huɗu, kuma yana ɗaukar masallata kimanin 15,000. An buɗe shi ranar Juma'a 16 ga Yuli 2021, a gaban shugaban Gana na lokacin, Nana Akufo-Addo, da Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa babban limamin ƙasa tun 1993, da shugaban Nijar na lokacin, Mohamed Bazoum. Yaron da ya tashi yana hango waɗannan hasumiyoyi daga ƙofar gidansu, Turkiyya ba ta yi masa nisan da ta yi wa mahaifinsa ba.

Hanyar da ta fi kai yaranmu can ita ce ta karatu. Tun 2012 gwamnatin Turkiyya ta tattara tallafin da take bai wa ɗaliban ƙasashen waje a cikin shiri guda mai suna Türkiye Bursları, wanda ke ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da tikitin jirgi da inshorar lafiya, da ɗan abin kashewa duk wata. Akwai kuma makarantun sakandaren addini da ake kira Imam Hatip, a garuruwa irin su Kayseri da Konya da Istanbul, masu karɓar yara daga waje. Sai dai akwai sharaɗin da iyaye da yawa ba sa lura da nauyinsa sai yaro ya sauka: kafin a taɓa littafin likitanci ko na injiniya ko na tauhidi, sai an bai wa harshen Turkanci shekara guda cur. Cibiyoyin koyarwar, waɗanda aka fi sani da TÖMER (Jami'ar Ankara ce ta kafa ta farkonsu a 1984), suna hawa da ɗalibi mataki-mataki daga A1, kuma yawancin jami'o'i ba sa buɗe masa ƙofar aji sai ya kai B2 ko C1. Wanda ya kasa a ƙarshen shekara, abokan tafiyarsa za su wuce su bar shi, ga kewar gida, ga sanyin da bai taɓa gani ba, ga iyaye a Nima suna ta gaya wa maƙwabta cewa ɗansu na karatun likita.

Daga cikin ayyukan da kusan kowane malamin harshe ke bai wa ɗalibi a watannin farko akwai wannan: rubuto mana yadda kake tafiyar da yininka. Aiki ne mai kama da wasan yara, amma a cikinsa ne ake cin karo da abin da Turkawa ke kira geniş zaman. A kan wannan darasi guda muka ga ya dace mu tsaya, domin muna da ra'ayi a kansa. Ɗan da ya riƙe Hausarsa da kyau ya riga ya ci rabin darasin tun kafin ya hau jirgi, sai dai ba wanda ya gaya masa, saboda littattafan da ke hannunsa da Ingilishi ko Faransanci suke bayani.

Kafin mu shiga, ga ɗan jagora game da karatun kalmomin da za su biyo baya. Tun 1928, lokacin da Mustafa Kemal Atatürk ya sa aka bar haruffan Larabci, Turkawa da boko suke rubutu, haruffa 29. Harafin c nasu shi ne j namu, saboda haka cami (masallaci) jami ake karanta shi, Cuma kuwa Juma. Harafin ç mai wutsiya shi ne c namu, ş mai wutsiya kuma sh. Wasulansu takwas ne. Masu karatunmu da suka yi makarantar Faransanci sun riga sun san ö da ü a cikin peu da tu. Sai kuma ı marar ɗigo, wanda ake furtawa daga can baya, leɓe a sake.

Faffaɗan lokaci

Geniş na nufin mai faɗi. Zaman kuwa ba sai mun fassara ba, shi ne zamani namu, duk daga Larabci aka aro. Faffaɗan lokaci ke nan, wato aikin da bai tsaya ga jiya ko yau ko gobe ba, ya shimfiɗu a kansu duka. Malaman nahawun Hausa suna da nasu sunan, lokaci sabau, wato lokacin abin da aka saba yi, alamarsa kuwa ita ce kan. Bafaranshe idan ya ce je bois du thé, sai ka dubi hannunsa kafin ka san ko yanzu yake sha ko ɗabi'arsa yake faɗa maka. Bahaushe ba ya barin ka a wannan duhu: ina shan shayi daban, nakan sha shayi daban. Baturke ma haka yake. Çay içiyorum, ina shan shayi. Çay içerim, nakan sha shayi. Ingilishi yana da irin wannan bambanci, amma kamar yadda za mu gani, rabin hanya yake raka ɗalibi ya juya.

Abin da ya raba mu da su shi ne inda ake ajiye kayan. Mu muna jera komai kafin aikatau: na, sannan kan, sannan sha. Su kuwa bayansa suke liƙa komai: iç (sha), er (kan), im (na). Kamar dai a ce an ɗauki jimlar Hausa an karanto ta daga dama, irin karatun allo. Da zarar ɗalibi ya ga wannan, jerin ya zauna masa: içerim nakan sha, içersin kakan sha, içer yakan sha, içeriz mukan sha, içersiniz kukan sha, içerler sukan sha. Ba ruwan Turkanci da namiji da mace. Içersin ya ɗauki kakan da kikan, içer ya ɗauki yakan da takan, kalmar o kuma ita ce shi, ita ce ita. Mutanen Kano da Katsina sun daɗe suna yi wa Hausar zangon Gana dariya saboda ba ta matsa wa kanta a kan ya da ta. To, ga wurin da wannan bai zama asara ba.

Ma'anar ba ta da wuya, ƙirar ce ke buƙatar zama. Kan ɗinmu guda ɗaya ce tal, ba ta sauya riga ko wane aikatau ta raka. Tasu alamar kuwa r ce, amma takan zo da wasali kafin ta, wasalin kuma yana bin yanayin aikatau. Idan saiwar aikatau ta ƙare da wasali, an huta, r kawai za a liƙa: oku (karanta) ya zama okur, ye (ci) ya zama yer, uyu (yi barci) ya zama uyur. Idan saiwar gaɓa ɗaya ce kuma ta ƙare da baƙi, sai a sa ar ko er: yap (yi) yapar, kalk (tashi) kalkar, iç (sha) içer, git (tafi) gider, inda t ta yi laushi ta koma d, sai kuma sat (sayar) satar. Kada mai karatu ya razana idan ya ga ɗansa ya rubuta annem koko satar. Ba ya zargin mahaifiyarsa da satar koko, cewa ya yi takan sayar da shi. Idan kuwa saiwar ta wuce gaɓa ɗaya, ɗafa-ƙeyar ita ce ır ko ir ko ur ko ür: çalış (yi aiki) çalışır, öğren (koya) öğrenir, otur (zauna) oturur, süpür (share) süpürür. Wasalin ƙarshe na saiwar shi ke zaɓar wanda zai biyo, bisa dokar jituwar wasula da ta game harshen gaba ɗaya. Wasulan a, ı, o, u dangi ɗaya ne, e, i, ö, ü kuma dangi ɗaya, kuma a cikin kalmar asalin Turkanci ba a cika ƙulla aure tsakanin dangin biyu ba.

Sai kuma 'yan tawaye goma sha uku. Gaɓa ɗaya gare su, amma sun ƙi ar da er, sun ɗauki rigar dogayen aikatau: al (karɓa) alır, bil (sani) bilir, bul (samu) bulur, dur (tsaya) durur, gel (zo) gelir, gör (gani) görür, kal (saura) kalır, ol (kasance) olur, öl (mutu) ölür, san (zata) sanır, var (isa) varır, ver (bayar) verir, vur (buga) vurur. Ba dabara a nan sai hadda, kuma ba mu ga yadda kalma goma sha uku za su gagari yaron da ya ba da haddar izu guda a gaban malamin allo ba. Tarkon yana wani wuri. Goma sha biyu daga cikinsu da l ko r suka ƙare, sai ɗalibi mai kaifin kai ya yanke wa kansa hukunci cewa duk aikatau mai ƙarewa da l haka yake. Ba haka ba ne, kuma inda kuskuren ya fi fitowa shi ne a jimlar da ɗan Musulmi zai fi yawan faɗa. Alwala da al ake yin ta, abdest alırım, tana cikin 'yan tawaye. Salla kuwa da kıl ake yin ta, shi kuma mai bin doka ne: namaz kılarım ake cewa, kılırım kuskure ne.

Wajen korewa, r ɗin ce ke ɓacewa ɗungurungum, z ta maye gurbinta: içer yakan sha, içmez ba ya sha, gelir yakan zo, gelmez ba ya zuwa. A bakin ni da mu kuwa ita ma z ɗin ba ta bayyana: içmem ba na sha, içmeyiz ba ma sha. Wannan yakan ɗaure wa ɗalibai kai, amma mu tuna cewa mu ma da wuya mu ce ba nakan sha ba. Kan ɗin takan gudu, mu ce ba na sha.

Yinin ɗan Nima

Ga yadda yaro daga Nima ko Mamobi zai iya amsa wancan aiki na malaminsa:

Ben her gün sabah ezanından önce kalkarım. Abdest alırım, babamla camiye giderim. Namazdan sonra biraz Kur'an okurum. Annem koko satar, ben ona yardım ederim. Saat yedide okula giderim. İkindiden sonra arkadaşlarımla futbol oynarız. Akşam yemeğini hep birlikte yeriz. Yatsıdan sonra ders çalışırım, geç yatmam.

Wato: Kullum nakan tashi kafin kiran sallar asuba. Nakan yi alwala, in bi babana masallaci. Bayan salla nakan ɗan karanta Alƙur'ani. Mahaifiyata kan sayar da koko, ni kuma nakan taimaka mata. Da ƙarfe bakwai nakan tafi makaranta. Bayan la'asar mukan buga ƙwallo da abokaina. Abincin dare tare mukan ci shi gaba ɗaya. Bayan isha'i nakan yi bitar darasi, ba na daɗewa ban kwanta ba.

Mai karatu zai lura cewa turakun da aka ɗaure yinin a jikinsu su ne waɗanda muka sani: sabah asuba, öğle azahar, ikindi la'asar, akşam magariba, yatsı isha'i. Zai kuma lura da wani abu a cikin fassarar, wanda littafin Ingilishi ba zai taɓa nuna wa yaro ba. Bahaushe ba ya maimaita nakan a kan kowane aiki; yakan ɗora wa aikatau na farko kayan, sauran su biyo da in kawai: nakan tashi, in yi alwala, in tafi masallaci. Baturke ma ba ya son maimaici, sai dai shi na ƙarshe yake ɗora wa kayan, na farkon su tafi da 'yar ɗafa-ƙeya ıp ko ip: kalkıp abdest alıp camiye giderim. Dabarar ɗaya ce, an dai juya ta. Ɗalibin da ya gane haka, rubutunsa ya bar kama da lissafin cefane.

Akwai wuraren da harsunan biyu suka yi tunani iri ɗaya har abin ya ba mu mamaki. Mu mukan sha ruwa, mu sha magani, mai taba kuma ya sha taba. Su ma da iç ɗin nan guda suke yin ukun: su içer, ilaç içer, sigara içer. Mutum kan tashi daga barci, mota ma kan tashi daga tasha. A wurinsu ma kalk ne duka biyun. Suna da ƙaramar motar haya mai suna dolmuş, ma'anar sunan kuwa ita ce ta cika, domin asalinta ba ta motsi sai kujeru sun cika, kamar dai tirotiron da ke bin titin Nima: dolmuş dolunca kalkar, in ta cika takan tashi. Uwar da ke zuwa babbar kasuwar Nima ran Laraba, ɗanta zai rubuta annem çarşamba günleri pazara gider. Çarşamba daga kalmar huɗu ta Farisanci ta fito, kamar yadda Laraba ta fito daga huɗu ta Larabci. Pazar kuwa kasuwa ce, kuma ita ce Lahadi.

Kalmomin Larabci da muka yi tarayya a kansu suna da yawa, sai dai mu mun aro wasunsu da rawaninsu na al, su kuwa sun tuɓe shi: haber labari, kalem alƙalami, kitap littafi, vakit lokaci, sai irin su ders darasi, saat sa'a, dünya duniya. Abin da ke zuwa wa yaranmu ba zato shi ne kalmomin ibada, inda suka fi sa ran jin Larabci. Namaz salla, abdest alwala, oruç azumi, peygamber annabi, duk Farisanci ne, domin ta hannun mutanen ƙasar Farisa da tsakiyar Asiya Musulunci ya isa ga Turkawa.

Malamin da ya karanta wancan rubutu dole ya tambaya: koko nedir, mene ne koko? A nan ne akan namu ke da aiki. Koko darıdan yapılır, akan yi koko da gero. Içine zencefil konur, akan sa masa citta. Sıcak içilir, akan sha shi da zafi. Da wannan siga ake bayanin waken da mutanen Akra suka mayar waakye, da tuwon da suka mayar tuo zaafi, da ita ake bayanin yadda akan yi suna da biki da jana'iza a zango. Korewarta kuwa ita ce harshen doka da ladabi: yenmez ba a ci, camiye ayakkabıyla girilmez ba a shiga masallaci da takalmi. Duk inda yaro ya ga an rubuta girilmez a jikin ƙofa, ba a shiga ke nan, kalma da kalma.

Tsakanin aiki da hali

Kada mu ɓoye wa mai karatu cewa a hirar yau da kullum Turkawa da yawa suna faɗin ayyukan yininsu da lokaci mai ci: her sabah çay içiyorum. Ba kuskure ba ne, mu ma mukan ce kullum da safe ina shan shayi. Amma akwai inda faffaɗan lokaci ba ya ba da gurbinsa, wato wajen faɗin halin mutum. Sigara içmiyorum na iya nufin kwanakin nan ba na sha. Sigara içmem kuwa cewa ne ni ba mashayin taba ba ne, kada ma a miƙo. Idan aka tambayi dattijo Baturke game da saurayin da ke neman aure, ko ɗalibin da ke neman hayar ɗaki, da wannan siga zai ba da shaida: yalan söylemez ba ya ƙarya, namazını kaçırmaz salla ba ta wuce shi, büyüklerine saygı gösterir yakan girmama na gaba da shi. Karin maganarsu ma kusan duk a wannan lokaci aka ƙera shi. Suna cewa damlaya damlaya göl olur, ɗigo-ɗigo tafki kan samu, mu kuma mu ce da yayyafi kogi kan cika. Ga kan ɗin nan a mazauninta a duka biyun. Yalnız taş duvar olmaz, dutse ɗaya ba ya zama katanga, ƙanin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ne.

A nan ne maganar ta dawo kanmu iyaye. Yaron zango yakan tashi da harshe uku ko huɗu a bakinsa: Hausa a layi, Ingilishi a makaranta, Twi ko Ga a kasuwa, wataƙila da Zabarmanci ko Dagbani ko Kotokoli ko Fulatanci a ɗakin kakarsa. Wannan baiwa ce, kuma ita ce ke sa kunnensa saurin kama baƙon harshe. Ba kuma raina Hausar zango muke yi ba, ita ce ta zaunar da Bazabarme da Badagombe da Bayarabe a tabarma ɗaya tun lokacin da Malam Amadu Futa ya sami filin Nima a farkon shekarun 1930. Amma a kunnenmu, Hausar da samari ke yi a bakin titi ta rage kaya ƙwarai. Ina zuwa kullum, ina yi kullum, shi ke nan. Nakan da akan sai a bakin tsofaffi da masu wa'azi. Yaron da bai taɓa jin bambancin ana yi da akan yi ba, matakalar da muka yi ta nunawa a sama ba ta hannunsa, sai ya haddace da wahala abin da kakarsa ke faɗa ba tare da tunani ba. Rumbun da waɗannan kalmomi ke ajiye kuwa ba nesa yake ba: tatsuniyar dare, karin magana, tafsirin watan azumi, sashen Hausa na gidajen rediyo, har da TRT Afrika da Turkawan da kansu suka buɗe a 2023 da Hausa a cikin harsunanta huɗu. Hirar tsoho a kan yadda akan yi a da ita ma darasi ce, domin Turkanci na da takwararta: a ƙara di bayan r, sai giderim ya koma giderdim, da nakan je, okurduk, da mukan karanta.

Inda Hausa ke tsayawa, da inda take dawowa

Akwai wurin da kan ba za ta raka ɗalibi ba, kuma gara a faɗa masa tun a gida. Idan mai masauki ya ce çay içer misiniz, fassarar kalma da kalma ita ce kukan sha shayi? Amma ba tarihin shan shayinka yake nema ba, tayi yake yi maka. Amsar mai so ita ce içerim. Wanda ya ce teşekkür ederim kawai, wato na gode, sau da yawa za a ɗauka ya ƙoshi ne, kamar yadda mu ke fahimtar alhamdu lillahi daga bakin wanda aka yi wa bismilla. Da wannan sigar tambaya ake roƙo cikin ladabi. Kapıyı aç umarni ne, buɗe ƙofa, irin wanda uba ke bai wa ɗa. Kapıyı açar mısınız shi ne na baƙo da na ƙarami. Sen na sa'a ne da ƙane, siz na manya, daidai da ku ɗin da muke yi wa iyaye da malamai. Kuma kamar a zango, ba a kiran babba da gundarin sunansa: abi yaya namiji, abla yaya mace, amca baffa, teyze inna, hocam malamina. Tarbiyyar da yaro ya samu a soron gidansu ta wadatar a nan, kalmomin kawai zai sauya.

Aiki na ƙarshe na faffaɗan lokaci shi ne ya fi shafar 'yan kasuwa, kuma a nan Hausa ta sake dawowa da abin da Ingilishi da Faransanci ba su da shi a fili. Muna da lokaci mai zuwa iri biyu. Akwai zan zo, na wanda ya riga ya ɗaura niyya ya tsara. Akwai kuma wanda ake jan wasalinsa murya ta faɗi, nâ zo, mâ gani, na wanda zuciyarsa ta yarda amma bai sa rana ba. Geleceğim shi ne zan zo, gelirim shi ne nâ zo. Bakarız shi ne mâ gani, kuma kamar namu, uban da ya faɗa wa ɗansa haka bai yi alkawarin komai ba. Görüşürüz, sallamar da suke yi in za a rabu, mâ haɗu ke nan. Olur, yâ yiwu, to. Olmaz, ba ya yiwuwa, kuma idan mai shago ya faɗe ta yana ɗaga haɓa, ciniki ya kai ƙarshe.

A unguwar Laleli ta Istanbul, inda 'yan kasuwar Afirka ke saro tufafi da mayafai da takalma, wannan bambanci kuɗi ne. Mai shagon da ya ce yarın göndereceğim ya ce gobe zan aika. Wanda ya ce yarın gönderirim ba ƙarya ya yi ba, har zuciyarsa yana iya nufin haka, amma nâ aika ya ce. Hallederiz kuwa, mâ san yadda za a yi, ta fi ma sassauci. Hajiyar da ta biya kuɗin dila uku na abaya, jirginta kuma na tashi da dare, idan ta ji gönderirim sai ta yi abin da za ta yi a kasuwar Nima in an ce mata nâ kawo: ta tambayi rana, hangi gün, ta tambayi kamfanin dako, hangi kargo, ta kuma karɓi takarda a hannu kafin ta bar shagon.